Dokar tara ma'adanai domin tsaron ƙasa: shin Najeriya na buƙatar irinta?

Barista Aminu, Kaduna:
Assalamu alaikum. Tun da ƙasar Sin ta taƙaita fitar da galiyom da jamaniyom a watan Agustan 2023, sannan ta hana sayar wa Amurka su kwata-kwata tare da antimoni a watan Disambar 2024, maganar tara ma'adanai domin tsaron ƙasa ta dawo bakin 'yan majalisa a ƙasashe da dama. Waɗannan ba kayan ado ba ne: da galiyom ake haɗa sassan na'urar hangen jiragen sama, da jamaniyom ake yin gilashin da soja ke gani da shi cikin dare, antimoni kuwa shi ke ƙarfafa dalmar harsashi.

A Amurka tushen al'amarin wata doka ce da shugaba Roosevelt ya sanya wa hannu a watan Yunin 1939, ana saura wata uku yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, wadda ta ba gwamnati izinin kashe dala miliyan 100 cikin shekara huɗu wajen sayo kayan da ƙasar ba ta da isassunsu, irin su kuza da kuromiyom da manganis da tungstan, ta adana su. An faɗaɗa dokar a 1946, aka sake rubuta ta a 1979, inda aka ce abin da za a tara ya kai yadda zai riƙe ƙasar shekara uku cikin halin ta-ɓaci, aka kuma rubuta ƙarara cewa ajiyar ta tsaron ƙasa ce kaɗai, ba a yarda a taɓa ta don gyaran tattalin arziki ko cike giɓin kasafin kuɗi ba. Tun 1988 ma'aikatar tsaro ce ke riƙe da ita. Abin da nake so masana su haska mana shi ne: ƙasa irin tamu, wadda sashe na 44 na tsarin mulkinta na 1999 ya mallaka wa gwamnatin tarayya duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa, shin tana buƙatar doka makamanciyar wannan, ko kuwa harka ce ta manyan ƙasashe masu masana'antu?

Malam Danladi, Bukuru:
Wa alaikumus salam, Barista. Kafin a kai ga ko muna buƙatar irinta, ina so a san cewa wannan doka ta Amurka ta riga ta shigo gidajenmu tun da daɗewa, kuma mutanen Filato sun ɗanɗani zaƙinta da ɗacinta. A lokacin yaƙin Koriya Amurka ta matsu da neman kolombait, ma'adinin da ake samu tare da kuza, domin ƙarfen da ake fitarwa daga cikinsa yana jure zafin injin jirgin yaƙi. A wancan zamani kusan duk kolombait ɗin duniya daga Najeriya yake fitowa. A 1952 gwamnatin Amurka ta yi shelar za ta saye shi a kan ninkin farashin kasuwa domin cika rumbunta. Abin da a da ake zubarwa a matsayin dattin wankin kuza sai ya zama dukiya. Kamfanoni suka koma suna tone tsofaffin tulin ƙasar da suka watsar, leburori suka yi ta kwararowa Bukuru da Barikin Ladi da kewaye daga Kano da Katsina da Bauci da Sakkwato. A 1955 Amurka ta ce abin da take nema ya cika, ta daina saye. Farashi ya rushe, aka yi ta sallamar ma'aikata, kuma kasuwar ba ta sake komawa yadda take ba, musamman da Barazil ta buɗe nata ma'adinin na Arasha ta mamaye duniya da shi.

Kuza ma haka. Amurka ta tara fiye da tan 300,000 na kuza, kuma daga farkon shekarun 1960 ta fara fito da shi kasuwa kaɗan-kaɗan, duk lokacin da ta fito da shi kuwa sai masu haƙa a Boliviya da Malesiya da Najeriya su ji a jikinsu. Mutumin da ke wankin kuza a bakin kududdufi bai taɓa jin sunan dokar ba, amma ita ke yanke masa ko zai ci tuwo da nama a wannan wata. Shi ya sa duk sanda na ji an ce wata babbar ƙasa za ta cika rumbunta, ba na murna da tashin farashin, ranar da za ta ce ya isa nake tunawa.

Dakta Hadiza, Zariya:
Malam Danladi, Allah ya ƙara sani. Abin da ka kawo yana nuna illar dokar ga masu sayarwa, ni kuma zan ƙara da cewa ko a wajen masu ita ba ta tsaya a kan manufarta ba. A ƙarshen watan Janairun 1962 shugaba Kennedy da kansa ya shaida wa manema labarai cewa kayan da aka tara sun kai na dala biliyan 7.7, kuma kusan biliyan 3.4 daga ciki sun wuce abin da ake buƙata, ya nemi majalisar dattawa ta yi bincike, aka ɗora wa Sanata Symington aikin. Dalilin wannan rara ba ɓoyayye ba ne: idan gwamnati ta zama babban mai saye, kowane mai ma'adini yana da ɗan majalisar da zai matsa a ce nasa ma yana cikin muhimmai. Bayan shekara uku, a 1965, shugaba Johnson ya yi amfani da rumbun ta wata fuskar daban, ya yi barazanar zubo alminiyom kasuwa har sai da kamfanoni suka janye ƙarin farashin da suka yi, ya kuma fitar da tagulla saboda irin wannan dalili. Irin waɗannan abubuwa ne suka sa aka rubuta sharaɗin 1979 da Barista ya ambata.

To amma sharaɗin bai hana komai ba. Da yaƙin cacar baka ya ƙare, majalisa ta yi ta ba da izinin sayar da kayan, kuɗin kuma aka karkatar da su zuwa wasu hidimomi. Ajiyar da darajarta ta kai dala biliyan 9.6 a 1989 ta dawo ƙasa da biliyan ɗaya a 2021. Yanzu ga su suna ware sababbin kuɗi, biliyan biyu a 2025 kaɗai, suna neman sayen irin abin da suka sayar da arha. Idan ƙasar da ke da masu binciken kuɗi da jaridu masu bin diddigi ta sha wannan wahala, ina jin tsoron abin da zai faru a inda ko hatsin da aka adana don talakawa sai an yi ta rigima a kan inda ya shiga.

Kanar Musa mai ritaya, Abuja:
Dakta, ban ƙi ta taki ba game da ɓarna, amma wanda ya taɓa riƙe bindigar da babu harsashi a cikinta ba zai yarda a yi watsi da maganar tanadi saboda tsoron ɓarayi ba. A farkon 1942 Japan ta kama Malaya da tsibiran da yau ake kira Indunusiya, cikin 'yan watanni Amurka ta rasa kusan kashi 90 cikin ɗari na robar da take shigowa da ita. Abin da ya cece ta shi ne robar da ta riga ta tara, har da wadda ta karɓa daga Ingila a musayar auduga a 1939, ita ce ta riƙe ta kafin masana'antun robar haɗi su tsaya da ƙafarsu. Rumbun bai ci yaƙin ba, lokaci ya saya musu, kuma a fagen fama lokaci shi ne komai.

Mu ma mun san wannan ciwo. A 1967 ƙasashen Yamma sun ƙi sayar wa gwamnatin tarayya jiragen yaƙi, sai Tarayyar Sobiyet aka nufa. A 2014, ana tsakiyar yaƙi da Boko Haram, Amurka ta hana a sayar mana da jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra daga Isra'ila. Ƙasar da ke jiran izinin wata kafin ta kare kanta tana cikin hatsari. Sai dai ni ba galiyom nake so a tara mana ba, domin ba mu da inda za mu kai shi. Kamfanin ƙera makamai na DICON da ke Kaduna, wanda aka kafa tun 1964 aka kuma sabunta dokarsa a 2023, abin da yake buƙata shi ne farin tagullar kwanson harsashi, da dalma, da albarushi, da ƙarfe mai inganci. Idan za a yi doka, daga abin da injinan DICON da ke Kakuri ke ci ya kamata a fara lissafi, ba daga jerin sunayen da Amurka ta rubuta wa kanta ba.

Injiniya Bashir, Jos:
Ranka ya daɗe Kanar, ka taɓo inda gizo ke saƙa. Mutane da yawa suna ɗaukar cewa ƙasar da Allah ya ba ma'adinai ta riga ta mallaki rumbu a ƙarƙashin ƙasa, alhali dutsen da aka haƙo da ƙarfen da ke shiga injin abubuwa biyu ne mabambanta, tsakaninsu akwai narkarwa da tacewa da wutar lantarkin da ba ta yankewa. Ƙarfin ƙasar Sin ba a haƙa kaɗai yake ba. Ita ke tace kusan kashi 90 cikin ɗari na ma'adinan nan masu wuyar rarrabewa da ake yin maganaɗisun injina da su, kuma galiyom da ake ta magana ba haƙo shi ake yi shi kaɗai ba, ana tsamo shi ne yayin sarrafa ƙasar alminiyom, saboda haka wanda ke da manyan matatun alminiyom shi ke da shi. Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ce ke haƙo kimanin kashi 70 cikin ɗari na kobal ɗin duniya, amma mafi yawansa a Sin ake tace shi.

A Jos an taɓa samun matatar kuza ta Makeri tun farkon shekarun 1960, wadda ke fitar da kuza narkakke maimakon ɗanyen yashi. Da tsarin daidaita farashin kuza na duniya ya rushe a watan Oktoban 1985, farashi ya faɗi da kusan rabi cikin 'yan watanni, harkar gaba ɗaya ta durƙushe. Yau ana ɗora buhunan kuza da kolombait da litiyom a mota zuwa tashar jirgin ruwa, mu kuma mu sayo waya da batir. Idan gwamnati ta cika ɗakuna da ɗanyen dutsen litiyom na Nasarawa ta ce tanadin tsaro ne, ranar da aka rufe mana teku babu abin da sojan Kanar zai yi da shi. Doka ta tara kaya ba tare da matata ba, kashe kuɗi ne kawai.

Malam Ilya, Agadas:
Ina gaida manya. Abin da Injiniya ya faɗa mu a Nijar da idonmu muke ganinsa. Kamfanin SOMAIR, wanda a da Faransawa ke riƙe da mafi yawan hannun jarinsa, ya fara fitar da yuraniyom daga Arlit tun 1971, kuma a 2022 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yuraniyom ɗin da ƙasashen Tarayyar Turai suka saya daga Nijar ya fito. Da aka yi juyin mulki a watan Yulin 2023, aka rufe iyaka da Benin, hanyar Kwatano ta toshe, mutane da yawa sun zaci fitilun Faransa za su dushe, tunda da yuraniyom take samar da mafi yawan wutar lantarkinta. Ba su dushe ba, domin Faransa tana da ajiyar da za ta kai ta shekaru, tana kuma saye daga Kazakistan da Uzbekistan da Ostareliya. Yuraniyom ɗin da aka haƙo kuwa ya taru jibge a Arlit babu hanyar fita. Gwamnati ta karɓe lasisin haƙar yuraniyom na Imuraren a 2024, ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa a watan Yunin 2025, kuma ina cikin masu ganin ƙasa na da haƙƙi a kan dukiyarta. Amma gaskiyar da ba a so a faɗa ita ce, ajiyar mai saye tana ba shi ƙarfin jira, ajiyar mai sayarwa kuwa nauyi ce a kansa, domin albashin ma'aikata ba ya jira. Tanadin da masu saye suka yi ne ya sa za su iya yin ciniki da mu ba tare da gaggawa ba.

Dakta Hadiza, Zariya:
Malam Ilya, ban yarda cewa riƙon mai sayarwa kullum nauyi ne ba. A watan Fabrairun 2025 Kongo ta dakatar da fitar da kobal saboda farashinsa ya faɗi ƙasa warwas, farashin ya farfaɗo sosai, daga baya ta koma tsarin ƙayyade adadin da kowane kamfani zai fitar. Bambancin shi ne Kongo tana riƙe da mafi yawan kasuwar, Nijar kuwa kasonta a yuraniyom ɗin duniya ƙarami ne, Najeriya ma a yau ba ta riƙe da wuyan kowace kasuwar ma'adini. Kuma a lura, abin da Kongo ta yi dabarar ciniki ce, ba tanadin tsaro ba. Cakuɗa waɗannan biyu a doka guda shi ne ainihin abin da ya ɓata na Amurka a zamanin Johnson, kuma shi nake tsoron za a yi mana.

Malam Danladi, Bukuru:
Akwai abin da nake so Kanar ya duba, cikin girmamawa. Faɗuwar Malaya da ka ambata, wadda ta sa Amurka ta gode wa rumbunta, ita ce ta sa Ingila, da ba ta da wata madogarar kuza mai yawa a cikin daularta sai Najeriya, ta kafa aikin tilas a ma'adinan Filato daga 1942 zuwa 1944. An ɗebo dubun dubatan manoma daga lardunan Arewa ta hannun hakimai da dagatai, aka kawo su cikin sanyin da ba su saba da shi ba, babu isasshen abinci babu bargo, da yawa suka mutu da ciwon haƙarƙari da sauran cututtuka. A 1943 ne haƙar kuza ta kai ƙololuwar da ba ta sake kaiwa ba. Da zarar an liƙa wa wani ma'adini sunan tsaron ƙasa, haƙƙin mutumin da ke zaune a kansa shi ne abu na farko da ake takewa. Ba na son ranar da za a zo wa manomin Nasarawa ko Zamfara da takardar da ta ce gonarsa ta zama ta tsaro, ya tashi, diyya sai daga baya.

Kanar Musa mai ritaya, Abuja:
Malam Danladi, wannan tarihi gaskiya ne, kuma ba wanda zai kare shi. Amma dubi yadda abin ya faru: an yi wa mutane tilas ne saboda yaƙi ya zo babu tanadi, ana neman a haƙo cikin shekara biyu abin da ya kamata a tara cikin shekara goma. Tanadin da aka yi cikin kwanciyar hankali, da kuɗi hannu da farashin kasuwa, shi ne ke rage irin wannan zalunci. Game da Zamfara kuwa, an hana haƙar ma'adinai a jihar daga 2019 har zuwa ƙarshen 2024 saboda tsaro, amma kowa ya san zinariya ba ta daina fita ba. Rashin doka bai kare talaka ba, 'yan bindiga ya bar wa filin.

Injiniya Bashir, Jos:
Idan dole sai an yi koyi da wata ƙasa, ni Japan zan nuna, ba Amurka ba. Tun 1983 take da tsarin tanadin wasu ƙarafa bakwai, cikinsu da nikel da kobal da tungstan da manganis, kuma ba ta yi burin shekara uku ba, kwana 60 ta sa a gaba a wancan lokaci, gwamnati ta riƙe na kwana 42, kamfanoni su riƙe na kwana 18. Hikimar sa kamfanoni a ciki ita ce suna amfani da kayan suna mayar da sabo, ba ya tsufa a ɗaki, kuma yana cikin siffar da injin ke karɓa. Da Sin ta tsayar musu da ma'adinan nan masu wuyar rarrabewa a 2010 saboda rikicin tsibiran Senkaku, ba su tsaya ga cika rumbu ba, suka zuba kuɗi a kamfanin Lynas na Ostareliya domin samun wata hanyar, dogaronsu ga Sin ya sauko daga kusan kashi 90 zuwa wajen kashi 60. Tarayyar Turai ma a dokarta da ta fara aiki a watan Mayun 2024 ba ta gina rumbu guda na bai ɗaya ba. Ta ce ne nan da 2030 a haƙo kashi 10 na buƙata a cikin gida, a tace kashi 40, a samo kashi 25 daga tsofaffin kaya, kada kuma abin da ake samu daga ƙasa ɗaya ya wuce kashi 65. Ku lura da inda suka sa kaso mafi tsoka: a tacewa.

Barista Aminu, Kaduna:
Na amfana ƙwarai. Ta fuskar shari'a, dokar ma'adinai ta 2007 magana take a kan lasisi da haraji da muhalli da yarjejeniya da al'ummar da ake haƙa a yankinta, ba a gina ta don tanadin tsaro ba, saboda haka idan ana so sai an yi sabuwa ko an yi mata gyara. Da ni za a ba aikin rubuta ƙudurin, zan tsaya a kan hanyar Kanar: jerin kayan ya fito daga ainihin abin da masana'antun tsaro na cikin gida ke ci a shekara, a riƙa sabunta shi ana kai wa majalisa, kuma babu mai ikon fitar da ko buhu ɗaya sai da sa hannun shugaban ƙasa da sanarwa ga majalisa. Kuɗin duk abin da aka sayar don sabuntawa ya koma asusun ajiyar kaɗai, domin ta wannan ƙofa ce ta Amurka ta zube. Zan kuma rubuta cewa dokar ba ta ba kowa ikon karɓe gona ko tilasta aiki ba, saboda abin da Malam Danladi ya tuna mana.

Inda ban gamsu ba shi ne batun bayyanawa. Dakta za ta so a wallafa adadin abin da ke cikin ɗakunan domin kada a sace, Kanar kuwa na san zai ce wannan tona asirin ƙasa ne ga maƙiya. Amurka ta ɓoye nata adadin shekaru da dama, sai da Kennedy ya sa aka buɗe sannan aka ga rarar. Japan kuwa har yau ba ta faɗin yawan abin da ta tara na kowane ƙarfe.

Dakta Hadiza, Zariya:
Barista, akwai tsaka-tsaki. Ba dole ba ne a buga adadin kowane kaya a jarida, amma dole ne babban mai binciken kuɗi na tarayya ya shiga ɗakunan da ƙafarsa sau ɗaya a shekara, ya auna, ya kai rahoto ga kwamitin tsaro na majalisun biyu, a kuma wallafa jimillar darajar kuɗin da sunayen kamfanonin da aka saya daga hannunsu. Sunan ɗan kwangila ba asirin yaƙi ba ne. Idan Kanar zai amince da wannan sakin layi, zan goyi bayan ƙaramar ajiya ta tagulla da dalma da albarushi ta wata shida. Idan kuwa aka ce duk abin da ya shafi rumbun sirri ne, to ina cikin waɗanda za su rubuta wa majalisa su nemi kada ta amince da ƙudurin.

Kanar Musa mai ritaya, Abuja:
Na amince da mai bincike da kwamitin majalisa, Dakta, da kuma wallafa jimillar kuɗi. Sunayen kamfanonin cikin gida ma a wallafa. Na ƙasashen waje ne ba zan yarda ba, domin a 2014 ta hanyar matsa wa mai sayarwa aka hana mu kaya, kuma wanda ya san inda kake sayen albarushi ya san ƙofar da zai rufe. Wata shida ma ya yi kaɗan ga ƙasar da ke yaƙi a Arewa maso Gabas tun 2009. Albarushi yana da wa'adin lalacewa, shi a bar shi a wata shida ana juya shi, amma tagulla da dalma ba sa ruɓewa, a tara na shekara biyu.